DAGA ALLON MALAM: Mu Mai da Takardar Ruwa da ta Gas Zuwa Lita

 

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. A gidajen haya na zangunanmu, tun daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara har zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, babu abin da ya kai takardar kuɗin ruwa haddasa saɓani. Famfo ɗaya, mita ɗaya, ɗakuna goma ko fiye. Ranar da takarda ta zo, mai gida zai raba kuɗi, 'yan haya su ce an zalunce su, wannan ta ce waccan ce mai yawan wanki, gwauro ya ce shi ba ya ma wuni a gida. A yi ta cacar baki, alhali kuwa a cikin masu gardamar da wuya ka sami mutum ɗaya da zai iya faɗa maka yawan ruwan da aka rubuta a takardar. Kowa idonsa na kan sidi, ba mai duban lambar da ta haifi sidin.

Darasinmu na wannan wata ke nan. Kowane irin awo aka kawo maka, na kamfani ne ko na mai tanka ko na ƙasar waje, ka mai da shi lita tukuna kafin ka buɗe baki. Lita kowa ya san ta. Ledar fiya wata rabin lita ce, jarka kuma kowa ya taɓa ɗauka. Da zarar lamba ta koma lita, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ma za ta iya cewa wannan daidai ne, wannan kuwa da sake.

YUNIT ƊAYA NAWA NE?

Kamfanin ruwa na Ghana yana auna ruwa ne da abin da ake kira kubik mita, wanda ake rubutawa m³ a jikin mita da takarda. Mutane kan ce masa yunit. Ku ɗauki akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1. Ruwan da zai cika shi, shi ne kubik mita ɗaya. Ita kuwa lita ɗan ƙaramin akwati ne mai santimita 10 ta kowane ɓangare. In ka jera ƙananan a cikin babban, 10 za su shiga a tsawo, 10 a faɗi, 10 a zurfi. Goma sau goma sau goma, 1,000 ke nan. Saboda haka yunit 1 lita 1,000 ne cif, ba ragi ba ƙari.

Bari mu kawo shi gida. Jarkar nan rawaya ta man girki da muke kira galan ɗin Kufuor, wadda ta sami sunanta saboda ƙarancin ruwan da aka sha a zamanin mulkin Shugaba John Kufuor, tsakanin 2001 da 2009, babbar tana cin lita 25, ƙaramar lita 20. Ke nan yunit 1 daidai yake da babbar jarka 40, ko ƙarama 50. In da duro mai lita 200 kake aiki, duro 5 ne. Garwar kananzir irin ta iyayenmu tana cin lita 18 da ɗan ɗoriya, don haka garwa 55 ce. In kuwa fiya wata ne, leda 2,000 ke nan.

Yanzu sai mu je wurin mitar kanta. A yawancin mitoci za ku ga lambobi baƙaƙe da jajaye. Baƙaƙen su ne yunit, su ma'aikaci yake rubutawa. Jajayen, ko ƙananan allurai masu juyawa, su ne litocin da ba su kai dubu ba. A ce watan jiya baƙaƙen sun nuna 0482, wannan wata kuma 0519. Ka cire na farko daga na biyu, saura 37. Ƙara sifiri uku: lita 37,000. Raba da kwana 30, ka sami lita 1,233 kowace rana. In mutanen gidan 25 ne, babba da yaro, kowa ya ci lita 49 a rana, wato jarka biyu. Wanka da alwala da girki da wanki da bayan gida, jarka biyu ba ɓarna ba ce. Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a shekarar 2010 ta amince cewa samun ruwa haƙƙi ne na ɗan Adam, tana ƙiyasta buƙatar mutum ɗaya tsakanin lita 50 da 100 a rana.

Amma in wata ya zagayo aka kawo muku yunit 60, alhali ba a yi suna ko biki ba, ba a yi baƙi ba, to lissafi ya nuna kowa ya ci lita 80 a rana. Nan ne za a tsaya a bincika, kuma binciken ba shi da wuya. Da farko a kwatanta lambar da ke takarda da wadda ke jikin mita, domin ma'aikaci ɗan Adam ne, kuma wani lokaci ƙiyasi ake yi in ba a sami karanta mitar ba. Na biyu, a rufe duk famfunan gida da dare, a rubuta lambobin har da jajayen, da asuba kafin kowa ya taɓa ruwa a sake dubawa. In sun motsa, akwai inda bututu ke yoyo. Na uku, a gwada mitar: a cika babbar jarka sau 4, a ga ko jajayen sun ƙaru da lita 100 ko kusa da haka. Wanda ya je ofis da waɗannan lambobi a rubuce, da kwanan wata, ba za a sallame shi da baki ba. In kuma ba a saurare shi ba, akwai hukumar PURC da aka kafa a 1997, wadda ke tsayar da farashin ruwa da lantarki, tana kuma karɓar koke-koken jama'a.

Kada a raina ɗigon famfo. Ka tara kwalba mai lita 1 a ƙarƙashinsa, ka dubi agogo. In ta cika cikin rabin sa'a, lita 48 ke nan a rana, lita 1,440 a wata. Kusan yunit ɗaya da rabi ya tafi kwata saboda robar da ba ta kai kuɗin kwanon waake ba. Da yayyafi kogi kan cika.

RABON ADALCI A GIDAN HAYA

Wasu gidaje ɗaki-ɗaki ake raba kuɗin, wato gwauro mai kwana shi kaɗai ya biya daidai da mai iyali shida. Wannan shi ne tushen rigima. Lita za ta raba gardamar. Mu koma ga gidanmu mai yunit 37 da mutum 25. A ce akwai baiwar Allah mai dafa abincin sayarwa, tana ɗiban babbar jarka 6 kullum domin sana'arta. Lita 150 ke nan a rana, 4,500 a wata, wato yunit 4 da rabi. A ware mata wannan a kan sana'a. Saura yunit 32 da rabi, a raba wa mutum 25, kowane kai ya tashi da yunit 1.3. Mai iyali shida zai biya kuɗin yunit 7.8, gwauro ya biya na 1.3. A rubuta a littafi guda, a ajiye wurin wanda kowa ya yarda da shi. Haka za a yi wa mai wankin mota da mai wanki da guga da mai kiwon shanu a bayan gida.

Akwai kuma wani abu da masu gidaje ya kamata su sani. A jadawalin farashin da PURC ta fitar a 2022, ruwan gida hawa biyu ne: yunit 5 na farko a wata suna da rangwame, abin da ya haura kuma ya fi tsada. An yi haka ne domin a tausaya wa talaka. To amma rangwamen na mita ne, ba na kai ba. Iyali mai mutum 5 da ke da mitarsu za su sami lita 5,000 mai rahusa, wato lita 33 ga kowa a rana. Gidanmu mai mutum 25 kuwa zai cinye nasa rangwamen cikin kwana 4, sauran yunit 32 duk a farashi na sama. Ashe talakan zango da aka yi rangwamen dominsa shi ne ya fi kowa rashin cin moriyarsa. Inda hali ya yi, a nemi a raba mita. Inda bai yi ba, shugabannin unguwa da 'yan majalisar gunduma su riƙa ɗaga wannan magana duk lokacin da hukuma ta kira taron jin ra'ayin jama'a a kan farashi.

GALAN IRI BIYU NE

Ghana ta koma awon mita da kilo da lita tun 1975, amma har yau galan bai bar bakinmu ba. Direba na cewa galan, mai tanka na cewa galan. Matsalar ita ce galan biyu ne a duniya. Na Ingila, wanda muka gada, lita 4.546 ne, shi ya sa a gidan mai ake lissafa shi lita huɗu da rabi. Na Amurka kuwa lita 3.785 ne. In mai tanka ya ce zai kawo maka galan 1,000, da na Ingila lita 4,546 ne, da na Amurka lita 3,785. Tsakaninsu akwai lita 761, wato babbar jarka 30. Shi kuma galan ɗin Kufuor suna ne kawai, domin babbar jarka ta ci galan 5 da rabi na Ingila.

Maganin abin shi ne ka san cikin tankinka. Tankunan roba irin su Polytank ana sayar da su ne da adadin lita, ka riƙe wannan lamba. In tanki ne na siminti mai kusurwa huɗu, auna cikinsa da tef: tsawo sau faɗi sau zurfi. Mita 2 sau mita 1.5 sau mita 1 ya ba da kubik mita 3, lita 3,000. In magininka da ƙafa yake awo, to kubik ƙafa 1 lita 28.3 ce. Ƙafa 6 sau 5 sau 4 ya ba da 120, sau 28.3, lita 3,396. In kuwa tankin kewayayye ne, raba faɗin bakinsa biyu, ninka abin da ka samu da kansa, sannan sau 3.14, sannan sau tsayi. Mai faɗin mita 1.4 da tsayin mita 1.6 zai ba da lita 2,460 ko kusa. Ka yi ciniki a kan cika tanki, kada ka yi a kan galan.

Wannan lissafi kuma zai nuna maka abin da kake biya a waje. Kuɗin babbar jarka ɗaya sau 40, shi ne kuɗin yunit. In ana sayar maka da jarka a sidi 1, yunit ya kama sidi 40 ke nan. Ɗauko takardar maƙwabcinka mai famfo ka ga nawa aka rubuta masa yunit. Nan za ka gane cewa marar famfo ya fi mai famfo biyan kuɗin ruwa nesa ba kusa ba.

GAS DA KILO AKE SAYENSA

Gas ɗin girki da ke cikin silinda ba a lissafa shi da yunit. Da kilo ake sayar da shi, kuma da dalili. A cikin silinda an matse shi ya zama ruwa-ruwa, yana kumbura in ya ji zafi, yana tsukewa in ya ji sanyi, amma nauyinsa ba ya canzawa. Shi ya sa ba a cika silinda fal, akan bar wajen kashi ɗaya cikin biyar domin kumburi. Wanda ya matsa wa mai zuba gas ya ƙara masa bayan an kai ƙa'ida, kansa ya cuta.

Ga mai son sanin lita, gas ya fi ruwa sauƙin nauyi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, amma lita 1 ta gas ta ɗan haura rabin kilo kaɗan, kimanin 0.55, gwargwadon haɗin da aka yi. Saboda haka kilo 1 wajen lita 1.8 ne. Babbar silinda mai kilo 14.5 tana ɗauke da kimanin lita 26, ƙarama mai kilo 6 kuma kimanin lita 11. Amma hujjarka ita ce sikeli. A jikin silinda akan buga nauyinta in babu kome a ciki. Haɗa wannan lamba da kilon da ka biya, abin da sikeli ya kamata ya nuna ke nan. Girgiza silinda a kunne ba awo ba ne.

Akwai lita ta biyu a sha'anin gas, kuma ita ce mai haɗari. In ya fito daga silinda ya koma iska, lita 1 takan zama kimanin lita 250. Ɗaki mai mita 4 da mita 3 da tsayin mita 3 yana da iskar lita 36,000. Gas yakan kama wuta in ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, wato lita 720 a wannan ɗaki. Lita 3 ta cikin silinda, abin da bai kai kilo 2 ba, ta isa ta kai haka. Ga shi kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa inda yara ke barci da inda ake ajiye kurfoti, don haka tun bai kai wannan adadi ba ƙasan ɗakin ya riga ya zama haɗari. Ba mu manta da gobarar Atomic Junction ta ranar 7 ga Oktoba 2017 a Ankara ba, inda rayuka suka salwanta. Masu ɗaki ɗaya da ke kwana da silinda, don Allah a fitar da ita inda iska ke wucewa. In an ji wari a rufe kan silinda, a buɗe ƙofa da taga, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki.

TAKARDUN 'YAN'UWANMU NA TURAI DA AMURKA

Da yake babu zangon da ba shi da ɗa a Landan ko a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma wannan mujalla takan kai hannunsu, bari mu taɓa nasu. A can, gas ta bututu yake shiga gida kamar ruwa, da mitarsa.

A birane da yawa na Amurka, har da New York, ana lissafa ruwa da kubik ƙafa ɗari-ɗari, a rubuta CCF ko HCF. Guda 1 lita 2,832 ne, ko galan 748 na Amurka. Wanda aka rubuta masa 8, lita 22,656 ya sha, wato yunit 22 da ɗoriya a awonmu na gida. Wanda ya ɗauka CCF daidai yake da yunit ɗinmu ya rage wa kansa lissafi kusan ninki uku. Wasu garuruwan kuma da galan dubu-dubu suke yi, kowane dubu lita 3,785. A takardar gas za a iya ganin MCF. A yi hattara, harafin M a nan dubu yake nufi, irin na lambobin Rumawa, ba miliyan ba. MCF 1 lita 28,317 ne. Akwai kuma therm, wanda awon zafin da gas ke bayarwa ne. Ba shi da adadin lita tsayayye, amma a gas ɗin bututu yakan kama kimanin lita 2,700.

A Ingila ruwa da kubik mita ne kamar namu. Mitar gas kuwa iri biyu ce. Sabuwa tana ƙirga kubik mita, tsohuwa kubik ƙafa ɗari-ɗari, wadda sai an ninka lambarta da 2.83 kafin ta zama kubik mita. Daga nan kamfani ya mai da shi kWh, awon da muka sani a takardar lantarki. Kubik mita 1, wato lita 1,000 ta gas, yakan ba da kWh 11 da ɗan kai. Wanda ya shiga sabon gida ya duba ko m³ aka rubuta a jikin mitarsa ko ft³, ya tabbata irinta ce a takardarsa, domin in aka lissafa sabuwar mita a matsayin tsohuwa, kuɗin zai ninka kusan sau uku.

A YANKE A LIƘA A BANGO

Yunit 1, wato kubik mita 1: lita 1,000
Galan 1 na Ingila: lita 4.546
Galan 1 na Amurka: lita 3.785
Kubik ƙafa 1: lita 28.3
CCF ko HCF 1: lita 2,832
MCF 1: lita 28,317
Kilo 1 na gas ɗin silinda: kimanin lita 1.8

Sha'anin awo ba ƙaramin abu ba ne a addininmu. Sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu, wato Suratul Muɗaffifina, kuma gargaɗinta ya shafi mai sayarwa, ya shafi mai gidan da ke ɗora wa 'yan haya abin da ba su sha ba, ya shafi ɗan hayan da ke ɗiban ruwan sana'a a ɓoye ya bar wa maƙwabta biya. Iyaye kuma su sa yara 'yan firamare shida da na sakandare su riƙa karanta mita ranar ɗaya ga kowane wata suna rubutawa. Lissafin da muke koya musu a aji ke nan, ya kamata gida ya ci amfaninsa.

Ga aikin gida na wannan wata. Wani gida mai mutum 18, mitarsu ta tashi daga 1204 zuwa 1231 cikin kwana 30. Lita nawa suka sha? Lita nawa ta kama kowane mutum a rana? Babbar jarka nawa ke nan a wata? A aiko da amsa ta hannun Edita, za mu warware ta a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.